Alhaji Abubakar Imam, Mai Ruwan Bagaja

 Mutumin da na ɗauko tarihinsa bana bai taɓa yin sarauta ba, bai kuma taɓa jan runduna zuwa fagen fama ba. Malamin makaranta ne wanda ya zama marubuci, ya zama editan jarida, ya ɗan taɓa siyasa ya bar ta. Sunansa Alhaji Abubakar Imam, Allah ya ji ƙansa. Na san kusan duk wanda ya zauna ajin Hausa ya taɓa jin wannan suna, amma da yawa daga cikinmu iyakar saninmu da shi ita ce bangon littafi da tambayoyin jarrabawa.

Ga abin da ya sa na zaɓe shi. A yanzu in an kawo wuta, ko kuwa an sami caji a waya, sai ka ga ƙannenmu sun yi cincirindo suna kallon finafinan almara na ƙasashen waje, masu dodanni da tsuntsaye masu magana da yara masu tafiya wata duniya. Daga cikin tsofaffin finafinai irin waɗannan akwai wani na Amurka mai suna The Wizard of Oz, wanda ya fito a 1939. Labarin wata yarinya ne wadda guguwa ta sure ta, ta jefa ta wata baƙuwar ƙasa, ta kama hanya tana neman wani boka da aka ce shi kaɗai zai iya mai da ita gida. Turawa suna ji da wannan fim har gobe, domin yana nuna wa yaro kada ya fid da tsammani. To, shekara biyar kafin wannan fim ya fito, watau a 1934, Hukumar Talifi ta Zariya ta riga ta fitar da wani ɗan littafi na Hausa mai ɗauke da irin wannan doguwar tafiya ta neman abin da mutane suka ce babu shi. Sunan littafin Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta shi kuwa saurayi ne ɗan shekara 22.

An haifi Abubakar Imam a 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, asalin gidansu kuwa daga ƙasar Barno ne. Saboda haka ya buɗe ido ya ga allo da tawada da littattafan Larabci a gida, ya fara da karatun Alƙur'ani kamar kowane ɗan malam. Zamanin ba mai sauƙi ba ne. Shekara goma kacal kafin haihuwarsa, a 1901, Turawa suka ci Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita daga garin, mutane da yawa suka bi shi, har da iyayen Abubakar. Yaron ya tashi yana jin labarin wannan gudu daga bakin waɗanda suka yi shi da ƙafafunsu.

Yana da wa wanda ya girme shi da shekara ashirin da wani abu, shi ne Malam Bello Kagara. Malam Bello na cikin 'yan Arewa na farko da suka yi ilmin boko, ya koyar da Larabci da addini a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina. Shi ya ɗauko ƙanensa ya kawo shi Katsina ya sa shi makaranta. A 1927 Abubakar ya shiga Kwalejin Katsina, wadda ita ce uwar Kwalejin Barewa ta yanzu, ya fita a 1932. A waɗannan shekaru ya zauna tare da samari irin su Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Da ya gama aka ba shi aikin koyar da Ingilishi a Midil ta Katsina. Da a ce abubuwa sun tafi yadda aka saba, da ya ƙare rayuwarsa da alli a hannu, ya zama hedimasta, ko ya sami wani muƙami a En'e, da kuwa ba mu san shi ba.

Sai ga wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda aka mayar Hukumar Talifi. Damuwar East ita ce an koya wa yara karatun boko amma ba abin da za su karanta don nishaɗi. In yaro ya gama littafin koyon baƙi, sai rahoton gwamnati ko littafin tsabta, wa zai yi marmarin wannan? Saboda haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai da Hausa, ya sa gasa. A nan ya ci karo da wata matsala wadda har yau ba ta mutu ba. Malaman da ya tarar sun ɗauki rubutu abu ne na addini da shari'a da tarihi. Ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare, bai kamata mutum mai rawani ya ɓata tawadarsa a kai ba. Wasu ma suna ganin ƙarya ce tsagwaronta, a rubuta ƙarya kuwa ya fi a faɗe ta muni. Kaɗan ne suka amsa kira. Cikin abin da aka samu aka zaɓi littattafai biyar aka buga: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, da kuma Ruwan Bagaja. Ku duba fa, biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, wa da ƙane.

Ga waɗanda ba su karanta Ruwan Bagaja ba, ko suka karanta suka manta, ga yadda yake a taƙaice. Wani mutum ne mai suna Alhaji Imam yake ba Koje Sarkin Labari tarihin yawon da ya yi a duniya. Ɗan sarkin garinsu ya kwanta ciwo, an rasa magani. Limamin da ya riƙe Alhaji tun yana yaro ya ce a gaban fada da za a sami ruwan Bagaja da yaron ya warke. Sarki ya ɗauka ba'a ake masa, domin ba wanda ya taɓa ganin wannan ruwa, ya ci mutuncin liman a bainar jama'a. Alhaji ya ɗauki sandarsa ya fita neman ruwan don ya wanke wanda ya rene shi daga kunya. Ya yi shekaru yana yawo gari gari, ya sha ɗauri, ya sha duka, ya yi arziki ya tsiyace, har ya kai ƙasar aljannu ya ɗebo ruwan, ya komo gida aka ba ɗan sarki ya warke. A kan hanya ne ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda suka yi ta ƙulla wa juna tsiya, yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama, har daga ƙarshe suka zama aminai.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne Alhaji ba waliyyi ba ne. Yana da wayo har ya yi yawa, yana yaudara, wani lokaci ma sai ka tausaya wa Zurƙe. Na tabbata malamin tarbiyya ba zai sa hannu a kan rabin abin da ya aikata ba. Amma duk wannan shiririta ba ta sa ya manta abin da ya fito nema ba. Kowane gari ya shiga sai ya yi tambaya, a yi masa dariya, ya wuce gaba. Yaro mai karatu yana dariyar Zurƙe, amma can cikin zuciyarsa yana ɗauke da tambaya guda, shin ruwan nan akwai shi kuwa? Wannan tambaya ita ke jan shi har shafin ƙarshe.

Mu mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam ya kamata labarin neman ruwa ya fi shiga jikinmu fiye da kowa. Kakanninmu suna ba mu labarin yadda ƙasar nan take kafin a gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Da an kawar da amfanin damina sai gari ya yi tsit, magidanta su tafi cin rani, wanda ya rage kuwa sai ɗan lambu a bakin fadama, yana jan ruwa da jigo. Sun ga farin 1973 da idonsu. Da a lokacin wani ya tashi a dandali ya ce wata rana za a ga ruwa na gudu a Kadawa cikin watan Maris, ana yankan alkama, motoci na layi a Kwanar Gafan suna lodin tumatir zuwa Ikko, ina jin da abin da ya sami liman a fada shi zai same shi. Sai da wani ya fara ganin abin a zuci kafin a kawo injiniya da katafila.

East ya ga irin baiwar da Allah ya yi wa wannan saurayi, sai ya roƙi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Abubakar Imam ya je Zariya ya yi wata shida. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta ya ga yadda ake gina labari. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, masu ɗauke da labarai wajen tamanin. Ku auna wannan aiki da kyau. Wata shida bai kai zango biyu na makaranta ba, mu kuwa insha'i mai shafi biyu sai mu yi mako muna jan ƙafa.

Dabarar da ya yi ita ce ya sa labaran duka a bakin wani aku. A littafi na farko Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, mugun waziri kuwa yana so yaron ya fito daga fada don a hallaka shi. Kullum dare in Musa ya yi shirin fita, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Haka ya yi ta yi har sarki ya komo, asirin waziri ya tonu, aka naɗa aku waziri. A littafi na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuwa yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Watau tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da dawaki ya ceci ran ɗan sarki da bakinsa kawai. Ina ganin amsa ce Abubakar Imam ya ba malaman nan da suka ce ƙagaggen labari wasan yara ne, ya kuwa ba su ita ba tare da ya yi gardama da kowa ba.

Yanzu sai mu zo kan maganar da ake yawan yi, wadda na ji har a bakin wasu 'yan ajinmu, wai Abubakar Imam kwashe labaran wasu ya yi, ba nasa ba ne. Gaskiya ne ya ɗebo daga wurare da yawa, shi kansa bai ɓoye ba. Akun mai tsare mutum da labari ya samo asali daga wani tsohon littafi na Indiya wanda ya bi ta Farisa. Labarin Ƙamaruzzaman daga Alfu Laila yake, littafin da Turawa ma suka ɗebi fim ɗin The Thief of Bagdad daga cikinsa a 1940. Labarin Sarkin Busa ya fito daga hikayar Jamusawa ta wani mai sarewa da ya raba garin Hamelin da ɓeraye aka hana shi ladansa. Ko Ruwan Bagaja ma akwai inuwar Maƙamatul Hariri a cikinsa, littafin da manyan almajirai ke karantawa a zaure, inda mutum biyu ke ta haɗuwa a garuruwa dabam dabam, ɗaya na shigar burtu.

Amma wanda ya ce wannan sata ce, ina roƙonsa ya je bakin babbar magudanar da ta taso daga Tiga ya tsaya ya duba. Ruwan da ke cikinta ba a Kura aka yi shi ba, daga nesa ya taho. In an bar shi a dam, ko kwano ɗaya na shinkafa ba zai ba mu ba. Sai an haƙa masa hanya, an raba shi ƙananan magudanu, manomi ya tashi da asuba ya buɗe masa fangali, ya san lokacin da zai toshe. Shinkafar da ta fito kuwa ba mai cewa ta Tiga ce, ta Kura ce, da sunan Kura ake sayar da ita a kasuwa. Ku ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Jamusawa, cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara, wata kuku ce ta cinye kajin da maigidanta ya sa ta gasa wa baƙo, sa'an nan ta tsorata baƙon da wuƙar da maigidan ke wasawa, ya ruga, maigida ya bi shi yana kira. Abubakar Imam ya mai da su miji da mata, ya ba su sunayen da kana ji ka san halinsu, ya zaunar da su a gida irin namu. Na taɓa karanta wa kakata wannan labari, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta san wata mai irin halin a ƙauyensu. Da na gaya mata daga Jamus aka ɗauko shi, sai ta ce Jamusawan ne dai suka ji shi a wurinmu.

Abin da ya sa haka ta yiwu shi ne Hausarsa. Bai rubuta Hausar ofis ba, bai kuma cika ta da Larabci don a ce shi malami ne ba. Ya rubuta ta yadda ake faɗinta a zaure da kasuwa da fada, kowa da irin bakinsa, bafade dabam, ɓarawo dabam, tsohuwa dabam. Karin magana kuwa kamar yana da rumbunta, har yawancin kanun labaransa karin magana ne. Shi ya sa littattafansa sun fi daɗi in an karanta su da ƙarfi. A zamanin da mai iya karatun boko a gari bai fi a ƙirga da yatsu ba, yaro ɗaya zai karanta a gindin fitila, gida duka na saurare. Ba allo, ba inji, amma kowa na ganin fadar Sarki Abdurrahman a cikin kansa, kowa da irin tasa. Ina roƙon iyayenmu su tuna da wannan in sun ga yaro riƙe da littafin labari. Na san lokacin dashe da lokacin tsinkar tumatir hannu ɗaya ma tsada gare shi, ba na cewa a bar aiki. Amma sau da yawa akan ce wa yaro ya ajiye wannan tatsuniya ya ɗauki littafin kirki, alhali kuwa yawancinmu da irin wannan tatsuniya bakinmu ya faɗa da karatu.

Bayan Magana Jari Ce rayuwarsa ta juya wani gefe. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗauko shi ya zama editanta na Hausa na farko. Kwabo ɗaya ake sayar da ita. Lokacin ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, jita-jita ta cika ƙasa, har ana cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila, gwamnati kuwa tana son hanyar da za ta yi magana da jama'a. Ba shakka jaridar gwamnatin Turawa ce, kuma an yi amfani da ita wajen yaɗa abin da suke so. Amma editan ya buɗe shafin wasiƙu, talakawa da 'yan makaranta da sojojin da ke bakin daga suka riƙa rubutowa, wasu suna kuka da zaluncin masu riƙe da su. Wannan sabon abu ne a Arewa, mutum ya faɗi damuwarsa a rubuce dubban mutane su karanta. Ya riƙe wannan aiki fiye da shekara goma, kuma kalmomi da yawa da ƙa'idodin rubutun da muke bi yau a teburinsa da na East aka daidaita su.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila, shi kaɗai ne daga Arewa. Cikin tawagar akwai Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda ya shirya takardar neman a ba ƙasashen nan mulkin kai cikin shekara goma sha biyar. Abubakar Imam ya ƙi sa hannu. Dalilinsa shi ne ba wanda ya aiko shi da wannan saƙo daga gida, kuma Arewa tana baya ƙwarai a ilmin boko, in aka yi gaggawa wasu za su riƙe mata ragama. Wasu sun zarge shi da bin Turawa saboda wannan, har yanzu kuwa masana na gardama a kai. Ni dai abin da na lura shi ne a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, Baturen da ya ci Arewa da yaƙi, ya gaya masa illolin mulkin En'e, daga baya ma ya rubuta masa su dalla-dalla: yadda ake danne talaka, da yadda ake ƙin sauraron matasa masu ilmi. Mai neman yardar Turawa kawai ba zai kai kukan tsarin ga wanda ya kafa shi ba. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC. An zaɓe shi ɗan majalisa a Kaduna da Ikko a farkon shekarun 1950, amma bai daɗe ba ya bar siyasa. Ya yi aiki a hukumar NORLA mai buga littattafan yaƙi da jahilci, ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, ya riƙe kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya, a shekarun 1970 kuma ya zama kwamishinan sauraron koke-koken jama'a a Kaduna. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa. Bai daina rubutu ba. Shi da East suka yi Ikon Allah, mai bayanin halittu da kimiyya, ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Tarihin Annabi Kammalalle, da labarin aikin hajjinsa, da wasu da dama.

Sai dai akwai abin da ke ba ni takaici in na duba jerin littattafan nan. Duk manyan labaransa na almara ya rubuta su ne kafin ya cika shekara talatin. Bayan nan jarida da majalisa da ofis suka cinye shi. Ƙasa tana bukatar mutane irinsa, masu ilmin kuwa kaɗan ne, kowane ɗaya sai a ɗora masa kayan mutum goma. Ba na cewa ayyukan da ya yi ba su da amfani. Amma kujerar hukuma wani na iya zama a kanta, an kuwa zauna bayansa, littafi na huɗu na Magana Jari Ce kuwa ba wanda zai rubuta mana shi.

Labaran gasar 1933 sun kai ga majigi daga baya. A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim. A ƙarshen shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya shirya Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, marigayi Ƙasimu Yero na cikin 'yan wasan, kuma iyayenmu da yawa sun kalle shi a talabijin mai baƙi da fari, a gidan maƙwabci ko a ƙofar gidan mai unguwa. Waɗanda suka riga suka karanta littafin sukan ce fadar da suka gani a akwatin ba ta kai wadda suka gina a zuci ba. Wannan ba laifin 'yan wasa ba ne, kuɗin gidan talabijin yana da iyaka.

Shi Abubakar Imam bai ga wannan wasa ba. Ya rasu a Zariya ranar Juma'a 19 ga Yuni 1981, yana da shekara saba'in, shekara goma bayan rasuwar wansa Malam Bello. Ya bar rubutaccen tarihin rayuwarsa da Ingilishi, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara, kamfanin NNPC ya buga a 1989. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce kuwa an sake buga su sau da yawa, an sa su cikin manhajar makarantu, ana kuma samunsu a shagunan littattafai na Kano. Kwafin littafi na biyu da ke laburarenmu bangonsa ya fita, shafukan farko sun ɓace, wanda ya are shi sai ya fara daga tsakiyar labari. Allah ya ji ƙan Malam Abubakar, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.